Gishiri, Sukari da Lafiyarmu: Aikin Gida da Aikin Hukuma

Ina gaishe ku, ƴan'uwa maza da mata na makarantun yaƙi da jahilci, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Doso da Yamai.

Yau zancenmu a kan tukunya yake. Za mu duba yadda abincin da muke ci kullum yake jawo wasu cututtuka masu daɗewa a jiki. Za mu kuma duba abin da ya rataya a wuyan maigida da uwargida, da abin da ya rataya a wuyan hukuma. Mai allo ko takarda kusa da shi ya ɗauko, don akwai ɗan lissafi a gaba.

Cuta iri biyu ce

Akwai cutar da ke zuwa da gaggawa. Zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da sanƙarau, da zawo, duk mun san su. Suna kayar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. In an samu magani da wuri, sai ya tashi ya koma aikinsa.

Akwai kuma cutar da ke zuwa sannu a hankali. Ba sauro ke kawo ta ba, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Tana shekara da shekaru cikin jiki mutum bai sani ba. In ta zauna, ba ta fita. Sai dai a yi ta lallaɓa ta har iyakar rai. Manya daga cikinsu biyu ne: hawan jini, wanda wasu ke ce wa tansiyo, da ciwon sukari.

Dā ana cewa waɗannan ciwon masu kuɗi ne, ko na mutanen birni. Wannan magana ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a shekarar 2023 cewa babban mutum 1 cikin 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A nan Nijar ma an yi bincike a shekarar 2021, aka auna mutane a birni da ƙauye. Aka tarar fiye da babba 1 cikin 4 jininsa ya hau. Ke nan in kuna zaune ku 20 a aji yanzu, watakila 5 daga cikinku suna da shi.

Abin da ya samu wani dattijo

A ajinmu an yi wani dattijo manomi, shekarunsa sun haura 50. Mutum ne mai ƙarfi, ba ya fashin karatu. Wata rana da asuba ya ɗauki buta zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Mutanen gida suka ce iska ce ta buge shi. Wasu suka ce jifa ne. Aka kwana uku ana turare da rubutu kafin a kai shi asibiti. Da aka auna jininsa, sai aka ga ya hau ƙwarai. Likita ya ce wannan hawan ba na jiya ba ne, ya daɗe.

Yana nan da rai, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Gonarsa ba ta nomu ba a wannan damina. Aka sayar da bisashe biyu don magani da kuɗin mota. Babban ɗansa ya bar lakwal ya kama haiwa. Kun ga ciwon mutum ɗaya ya taɓa gida duka. Da an auna shi tun da wuri, da ba a kai nan ba, in Allah ya so.

Yadda gishiri ke tayar da jini

Ku dubi injin ban ruwa a garka. Inji yana tura ruwa cikin tiyo. In ruwa ya yi yawa, tiyo ya yi tauri, sai inji ya wahala, wata rana tiyo ya fashe. To, zuciya ita ce inji, jijiyoyin jini su ne tiyo.

Gishiri yana riƙe ruwa. Kowa ya san in ya ci abu mai gishiri sai ƙishirwa ta dame shi. In gishiri ya yi yawa cikin jiki, ruwan jini yana ƙaruwa, sai ya matsa wa jijiyoyi. Yau da gobe sai jijiyoyi su yi tauri, zuciya ta gaji. In jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ta toshe a zuciya, mutum na iya faɗuwa nan take. Ƙoda ma tana lalacewa, har ta kasa tace fitsari.

Hawan jini sau da yawa ba ya ba da alama. Ba a gane shi da ido, sai da awo. Likita zai ɗaura muku abin awo a dantse, ya rubuta lamba biyu. In kun ga 12 bisa 8, jini yana daidai. In ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake awo wata rana aka tarar haka, to hawan jini ne. Wasu na'urori suna rubuta 140 bisa 90. Duk abu ɗaya ne. Ku da kuka koyi lambobi, yanzu kuna iya karanta takardarku da kanku.

Gishiri nawa ya ishi mutum?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a rana. Wannan bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Yara kuwa nasu bai kai haka ba. Amma mutanen duniya, in an raba daidai, suna cin ninki biyu na wannan.

Ga lissafinmu. A ce gidanku mutum 10 ne. Garam 5 sau 10 ya ba da garam 50 a rana. Kilo ɗaya garam 1000 ne. In an raba 1000 gida 50, an samu 20. Ke nan kilo ɗaya na gishiri ya kamata ya kai wa gidan nan kwana 20 ko fiye. Uwargida, ki lura da ranar da aka sayo gishiri, ki lura da ranar da ya ƙare. In ya ƙare cikin kwana 10, gidanki yana cin ninki biyu.

Amma ba gishirin da ake gani kaɗai ba ne. Akwai ɓoyayye. Dunƙulen magi, wajen rabinsa gishiri ne. Mace ta zuba gishiri, ta murje dunƙule uku ko huɗu, sannan a kawo yaji wanda shi ma an daka shi da gishiri da magi. Akwai gishiri cikin burodi, da kilishi, da kifin gwangwani, da busasshen kifi.

Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce. Sinadarin da ke tayar da jini cikin gishiri, wanda ake kira sodiyom, yana cikin kanwa. Ƴar kaɗan da ake sa wa wake ko miyar yauƙi ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kunun kanwa da ake ɗura wa maijego safe da yamma har kwana 40. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya, cikin Najeriya, suka lura mata da yawa suna kumbura bayan haihuwa, numfashi ya yi musu wuya, zuciya ta kasa. Suka ga yawan kanwa da yawan zafin wankan jego suna cikin abin da ke ƙara wannan ciwo. Iyayenmu mata, ku sassauta. A ba maijego kunu, amma a rage kanwa. In ƙafafunta sun kumbura, ko ta kasa kwanciya don sarƙewar numfashi, a kai ta asibiti ranar nan.

Sukari da ƙiba

Duk abin da muka ci na hatsi, ko shinkafa, ko rogo, jiki yana mayar da shi sukari, ya shiga jini ya ba mu ƙarfi. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin. Shi ne ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. In mutum ya yi ƙiba ƙwarai, musamman tumbi, kuma ba ya motsa jiki, sai ƙofar ta fara ƙin buɗuwa. Sukari ya taru cikin jini. Shi ne ciwon sukari irin na manya. Gado ma yana da hannu a ciki. Wanda uwarsa ko ubansa ke da shi, sai ya ƙara kula.

Alamunsa su ne yawan fitsari, da yawan ƙishirwa, da kasala, da rama ba dalili, da miki mai ƙin warkewa. In an bar shi yana makantar da ido, yana kashe ƙoda, yana sa a yanke ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya wuce wajen garam 50 a rana ga babba. In an tsaya a garam 25, ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya wajen garam 5 ce. Ke nan ƙwaya 10 ita ce iyaka. To, kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 takan ɗauki wajen garam 35, wato ƙwaya 7. Samari ƴan fada, ku ƙirga sukarin da kuke zuba wa shayi daga na fari har na uku. Ku ƙara da na koko da safe, da na fura da rana, da na zoɓo da yamma. Za ku ga kun wuce iyaka tun kafin la'asar.

Ƴan'uwa mata, akwai wata magana. A wurinmu ana ganin ƙiba alamar hutu ce da jin daɗin aure. Har wasu suna sayen ƙwayoyi a hannun ƴan talla don su yi jiki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tara ruwa a jiki, suna tayar da jini, suna kuma jawo ciwon sukari. Kumburi ne, ba lafiya ba.

Me ya sauya?

Kakanninmu suna cin tuwon hatsi da na dawa, da fura da nono, da wake, da miyar kuka. Suna tafiya da ƙafa, suna noma, suna daka, suna jan ruwa a rijiya. Yau a gidaje da yawa farar shinkafa da taliya da burodi sun maye wurin hatsi. Mai ya yi yawa cikin tukunya, soye-soye sun yawaita. Tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba sai an hau kabu-kabu. Ciki ya samu abin da ya fi na dā daɗi, amma jiki ya rage aiki.

Wani zai ce: "Malam, mu da muke neman abin da za mu sa a baki, ina mu ina zancen yawan abinci?" Gaskiya ne, yunwa ba ta bar mu ba. Har yanzu tamowa tana kama ƴaƴanmu. Amma ku sani abu biyu. Na ɗaya, ramamme ma yana samun hawan jini, don miyar talaka ita ce ta fi dogara ga gishiri da magi. Na biyu, masana sun gano yaron da ya sha yunwa tun yana ciki, ko yana ƙarami, ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon sukari in ya girma. Ke nan yaƙi da tamowa da yaƙi da waɗannan cututtuka, yaƙi ɗaya ne.

Aikin gida

Ga abin da kowane gida zai iya yi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

1. A rage gishiri kaɗan-kaɗan. In an rage gaba ɗaya, maigida zai ce miya ta yi lami. In an bi sannu, cikin ƴan makonni harshe zai saba.

2. A rage dunƙule. Inda ake sa huɗu a sa biyu. A ƙara daudawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da tattasai. Albasar Galmi da tattasan Difa namu ne.

3. A yawaita ganye da ƴaƴan itace. Shawarar masana ita ce garam 400 a rana. Zogale, da rama, da yakuwa, da tafasa, da kabeji, da tumatir, da mangwaro, da gwaiba, duk suna da wani sinadari mai taimakawa wajen saukar da jini. Kwaɗon zogale abinci ne na ƙwarai, in ba a cika masa gishiri ba.

4. A riƙe hatsi da dawa da wake. Kada a surfe hatsi har ya yi fari fat, don dusar tana hana sukari hawa da sauri. Wake yana riƙe ciki, yana gina jiki.

5. A rage sukari cikin shayi da koko da fura. Kada a saba wa yara da lemun kwalba da alewa.

6. A motsa jiki. Wanda aikinsa na zama ne, kamar tela ko mai kanti, ya yi tafiyar rabin awa kowace rana.

7. Kowane babba ya je a auna jininsa ko sau ɗaya a shekara. Mace mai ciki kuwa kada ta yi fashin awo.

Wanda likita ya riga ya ɗora bisa magani, kada ya bari don ya ji sauƙi. Gyaran abinci yana taimakon magani, ba ya maye wurinsa. Mai ciwon sukari kuma ya shawarci likita kafin watan azumi ya kama.

Aikin hukuma

Ƴan'uwa, uwargida tana iya auna gishirin da ke hannunta. Amma ba ta iya cire wanda aka riga aka sa cikin dunƙule ko burodi. Maigida yana son ya sayi ganye, amma in babu shi a kasuwa da rani, ko ya yi tsada, yaya zai yi? Nan ne aikin hukuma yake farawa. Bari mu ga abin da wasu ƙasashe suka yi da wannan matsala ta same su.

A Turai akwai ƙasar Finlanda. Cikin wani yankinta, Kareliya ta Arewa, maza suna ta mutuwa da ciwon zuciya tun suna da sauran ƙarfi. Abincinsu ya cika kitse da gishiri, ga shan taba. A shekarar 1972 hukuma ta fara wani shiri. Ta haɗa kai da likitoci, da ƙungiyoyin mata, da manoma, da masu sarrafa abinci. Aka rage kitse da gishiri, aka ƙara kayan lambu. Bayan shekara 40, mutuwar maza masu ƙarfin aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta kafa doka a shekarar 2013. Dokar ta sa iyaka ga gishirin da masana'antu za su zuba cikin burodi, da dunƙulen miya, da naman da aka sarrafa. Ta fara aiki a 2016, aka ƙara tsananta ta a 2019. Da haka mutum yana cin gishiri kaɗan ko bai sani ba.

Wasu kuma haraji suka sa wa lemun kwalba. Mekziko ta fara a 2014, Afirka ta Kudu a 2018. Maƙwabciyarmu Najeriya ta fara karɓar naira 10 bisa kowace lita a 2022. Manufar ita ce mutane su rage sha, masu masana'anta su rage sukari, baitulmali kuma ya samu kuɗi.

Don me hukuma za ta sa baki cikin tukunyar mutane? Don ita ma tana biya. Wanda ƙodarsa ta kasa aiki yana bukatar wankin ƙoda sau biyu ko uku kowane mako, kuma sai a manyan asibitoci kamar na Yamai ake yinsa. Kuɗin da ake kashe wa mutum ɗaya ya isa a auna jinin mutane da yawa a ƙauyuka. Ga kuma asarar masu noma da masu sana'a. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wannan magana gaskiya ce ga gida, gaskiya ce ga ƙasa.

A nan Nijar an yi wasu abubuwa. Bayan farin 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani, shi ya sa kayan garka suka yawaita a kasuwanninmu. A 2006 aka fara ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. A 2024 aka rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Ana kuma sa ido ga gishirin da ake sayarwa ya kasance mai iyod, don iyod yana hana maƙoƙo, yana taimakon ƙwaƙwalwar yaro. Ku lura da kyau: ba a ce a ƙara cin gishiri don iyod ba. A ci kaɗan, amma ya zama mai iyod.

Da sauran aiki a gaba. Ya kamata kowane gidan likita na karkara ya samu abin awon jini da na sukari, kuma magani ya samu kusa, bisa farashin da talaka zai iya. Ya kamata a rubuta yawan gishiri da sukari a jikin kowane ƙunshi, da manyan lambobi. Ya kamata a sa iyaka ga gishirin dunƙule da na burodi. Ya kamata a hana tallar ƙwayoyin ƙiba a kasuwa. Ya kamata a taimaki masu garka da rijiyoyi da iri, a kuma sa wake da ganye cikin abincin ƴan lakwal.

Ku ma kuna da baki cikin wannan. In an kira taron kwamitin kula da gidan likita, ku je. Ku tambaya ko akwai abin awon jini, ko yana aiki. Ku faɗa wa maigari da zaɓaɓɓunku abin da kuke bukata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya iya karatu shi ne zai karanta takardar likita, shi ne zai rubuta koken ƙauye.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kwana nawa kilo ɗaya na gishiri yake yi a gidanku? Ku mutum nawa ne?

2. Dunƙule nawa ake sa wa miya ɗaya? Da me za a iya maye wurinsa?

3. Mutum nawa ne a ajinku aka taɓa auna jininsu? Ina ne wuri mafi kusa da ake awo?

4. Wane abu ɗaya kuke so hukuma ta fara yi a garinku?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Kafin mako mai zuwa, kowa ya yi ƙoƙari ya je a auna jininsa, ya zo aji da takardar mu karanta tare.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.